Gangar Lamin a Ƙofar Don Cataldo

"Na amince."

Cokalin da ke hannun Cosima ya suɓuce ya faɗa cikin kwanon taliya, miyar tumatir ta fallatso mata a gaban riga. Ko ta kan rigar ba ta bi ba. Ido ta zuba wa mahaifinta, Don Cataldo, wanda ke zaune a kan teburi yana gutsurar burodi hankalinsa kwance, kamar ba daga bakinsa maganar ta fito ba.

"Baba, me ka ce?"

"Kurma na haifa? Na ce na amince. Ki je ki auri mai busar naki."

Mai busar nan kuwa Ruggero ne, shugaban makaɗan garinmu na Torrelenta, wanda babba da yaro ke kira Maestro. Shekara da shekaru ko sunansa ba a isa a ambata a gidan nan ba. Da farko laifinsa ɗaya ne, ɗan mai gyaran takalmi ne. Daga baya ya ƙara wanda ya fi shi muni: ya buɗe ƙofar ƙungiyar makaɗa ga baƙin da ke tsinkar tumatir a gonaki. Duk Lahadi da yamma sai ya kwashi mutanensa su tafi bukkokin lebura su yi musu busa, su koya wa mai so. Ranar kasuwa kuma su tsaya a dandali suna kiɗa, an rataya ƙyalle a bayansu da rubutun neman ruwa da inuwa ga masu aikin gona. Gonakin wa? Ai rabinsu na Don Cataldo ne.

Mahaifiyarta, Donna Filomena, ta yi alamar gicciye a ƙirji.

Cosima ta miƙe za ta zagaya ta sumbaci hannun mahaifinta, sai ya ɗaga mata yatsa.

"Zauna, ban gama ba. Gobe idan an fito da mutum-mutumin Waliyyi Vito zagayen gari, makaɗa za su tsaya a ƙarƙashin barandata su busa, kamar yadda aka yi wa ubana da kakana. Ya yi wannan, ke tasa ce. Ya wuce ni shiru kamar yadda suke ta yaɗawa a gari, to ki cire shi daga ranki. Saverio yana nan yana jira, kuma shi lauya ne, ba maroƙi ba."

Ras! gabanta ya faɗi.

Duk Torrelenta an san abin da makaɗa suka yanke. A watan jiya ne, a tsakiyar zafin nan da ya kusa narkar da kwalta, Lamin ya yanke jiki ya faɗi a gonar Don Cataldo da akwatin tumatir a kafaɗa. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ɗan Gambiya ne, dogo mai yawan dariya, kuma shi ne mai babbar gangar ƙungiyar. Hukuma ta ce zuciyarsa ce ta buga. Abokan aikinsa suka ce tun safe babu ɗigon ruwa a gonar. Makaɗa suka taru suka ɗaga hannu, aka tsayar cewa bana za a wuce gidan Don Cataldo ba tare da an hura ko sarewa ba.

"Baba, ka san ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba..."

"Ba ya ce yana sonki ba? To mu gani."

Ya goge bakinsa, ya tashi ya haye sama ya bar su.

"Mama, ki sa baki mana!"

Donna Filomena tana tattara kwanuka, idonta a ƙasa. "Yaushe na taɓa yin baki a gidan nan? Ki je ki roƙe shi, 'yar nan. Waƙa ɗaya ce. Ki rufa mana asiri, na gaji da ganinki kina ramewa kamar tsinke."

Ta juya za ta shiga madafa, ƙafarta ta bugi kwalaben ruwan da ke jere a bayan ƙofa. Tun watan jiya suke nan a cike, ƙura har ta hau su. Sau nawa Cosima ta ce za ta zubar, uwar ta daka mata tsawa ta ce kar wanda ya taɓa mata.

*

A tsohon ɗakin matsar man zaitun da makaɗa ke atisaye Cosima ta sami Ruggero. Yana durƙushe yana goge ƙaho da tsumma, Kawu Oronzo mai babbar busa yana gefe yana fama da maɓallin rigar bikinsa da ta ƙi rufe masa tumbi.

"A'a, ga 'yar Don da kanta!" in ji tsohon. "Maestro, tashi ka gyara gashi, kar a ce mu ma lebura ne."

Ya dubi fuskarta sosai, dariyar ta ɗauke. Ya ɗauki hularsa ya ce bari ya je ya ga ko matarsa za ta matsar masa da maɓallin nan.

Tana buɗe baki kuka ya riga maganar fitowa. Da ƙyar ta harhaɗa ta faɗa masa.

Ruggero ya yi turus, tsumman na hannunsa.

"Ya ce ya amince? Don Cataldo?"

"Da bakinsa, a gaban Mama."

"In na busa masa."

"Waƙa ɗaya, Ruggero. Ɗaya tak!"

Ya juya ya kalli kusurwar ɗakin. Babbar gangar tana nan jingine, hular Lamin a kanta, inda ya aje ta ranar atisayensa na ƙarshe.

"Cosima, kin san me kike roƙona? Mutanen bukkoki za su shigo gari gobe. Ni na je na ce su zo. Na ce musu bana garin nan zai nuna ya san mutum ne ya mutu, ba akuya ba. Sannan su ganni ina yi wa mai gonar kiɗan murna?"

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce?" Ta dafe ƙirji, hawaye na bin wuyanta. "Ƙawayena duk sun yi aure, wasu har 'ya'yansu nake koyarwa a aji. Ni ina nan ina jiranka, kullum ana kawo mini Saverio cin abincin Lahadi, yana kallona kamar filin da zai saya. Na yi haƙuri, na sha zagi, ban taɓa ce maka ka daina abin da kake yi ba. Yau ɗaya na roƙe ka!"

"To ki fito mu je ofishin magajin gari a ɗaura mana. Shekarunki sun kai, babu mai hana ki."

"In bar Mama ita kaɗai da shi? Ka san abin da zai yi. Zai rufe ƙofa, ko gawarta ba zai bari in gani ba. Ina so in fita daga gidanmu da farar riga, hannuna cikin na ubana, kamar kowace 'ya. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne."

"To ka zaɓa. Ni ko wanda ya riga ya tafi."

Tana faɗa ta toshe bakinta da hannu, don ita kanta maganar ta ba ta tsoro. Ruggero ya runtse ido kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Za mu tsaya," ya ce a hankali. "Za mu busa masa taken biki tun daga farko har ƙarshe. Zan shawo kan mutanena. Amma abu ɗaya, Cosima. Gangar Lamin babu mai taɓa ta. Tun da ya rasu ba wanda ya yarda ya ɗauki sandarta, ni kuma ba zan sa kowa ba."

Daɗi ya kusa sumar da ita. Ta kama hannayensa biyu tana dariya tana kuka.

"A bar gangar mana! Mutum talatin na busa, wa zai lura da ganga ɗaya?"

Kallonta kawai ya yi, irin kallon da ta kasa fassarawa sai washegari.

*

Da safe Donna Filomena ta shigo mata da shuɗiyar rigar da aka ɗinka don bikin ɗiyar kawunta.

"Babanki ya ce wannan za ki sa."

"Yaushe Baba ya fara zaɓar mini kaya?"

Uwar ba ta ɗago ba. Ta ja mata zip, ta tsaya a bayanta kamar mai son faɗar wani abu, sai ƙararrawar coci ta kaɗa, ta fice da sauri.

Baranda ta sha ado. An shimfiɗa jan bargon alharini na kaka a kan ƙarfen, kwando da igiyarsa na gefe, an cika shi da giyar inabi da biskit ɗin almond da za a zura wa makaɗa in sun gama. Don Cataldo na tsaye cikin baƙar kwat, ƙirji a gaba.

Kusa da shi kuma Saverio, gashi ya sha mai, turarensa har hawa kai yake.

Cosima ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me wannan yake yi a nan?"

"Baƙona ne," in ji mahaifinta. "Matso nan tsakiya."

"Kin yi kyau, Cosimina," Saverio ya ce yana murmushi.

"Sunana Cosima."

Titi ya cika maƙil. Ga Fada, limamin coci, a gaba da farar riga, ga majiya ƙarfi ɗauke da Waliyyi a kafaɗa, ga mata da kyandirori. Can baya, a jikin bangon kantin magani, mutanen bukkoki ne tsaye cikin wankakkun riguna, sun yi shiru. Tana ganin makaɗa sun karyo kwana ta dafe ƙarfen baranda ta leƙa. Za su tsaya? Ba za su tsaya ba?

Suka tsaya cak.

Wani guna-guni ya ratsa taron. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Au, an saye su ke nan?" Don Cataldo ya saki murmushi har haƙorinsa na zinare ya bayyana.

Sai sahun makaɗa ya dare biyu. Kawu Oronzo da wani abokin Lamin suka fito riƙe da babbar gangar, suka dire ta a tsakiyar titi, daidai ƙofar gidan. Suka ɗora hular a kai, suka kwantar da sandar a gefe, suka koma sahu.

Ruggero ya ɗaga hannu. Ƙahoni suka ɗauka.

Taken bikin nan dai da shi aka yi mana rawa muna goye. Babu ɗan Torrelenta da bai san inda busa ke ɗaukewa ganga ta amsa ba, da dukan nan guda da kake ji har cikin hanjinka. A kan dukan nan masu ɗauke da Waliyyi ke karkata kafaɗa su rausaya shi ya gaida mai gida, a kansa yara ke tsalle, mata su tafa.

Busa ta hau, ta hau, ta ɗauke.

Shiru.

Yaran da suka yi tsalle suka dira a banza. Hannayen mata suka tsaya a iska. Majiya ƙarfin nan suka yi taga-taga, wannan ya karkata, wancan bai karkata ba, har Fada ya waiwaya a firgice. Waliyyi bai rausaya ba.

Busa ta sake ɗauka da murnarta kamar ba abin da ya faru, ta hau, ta ɗauke.

Shiru.

Tsigar jikin Cosima ta tashi. Wayyo Allah! Ita da ta ce wa zai lura! Duk idon da ke titin nan ya koma kan gangar da hular da ke kanta. Wani dattijo ya cire hularsa. Na kusa da shi ma ya cire. Can jikin bango wani daga cikin mutanen bukkoki ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

"Ɗan iska," Don Cataldo ya ce ta cikin haƙora. Wuyansa ya yi jajir. "Ɗan mai takalmi ni zai yi wa haka?"

"Baba, ai ya busa! Ka ce in ya busa..."

"Yi mini shiru! Saverio, matso. Yanzu."

Kafin ta gane abin da ake ciki, mahaifinta ya cafki hannunta na dama, ya haɗa da na Saverio, ya ɗaga su sama a gaban duk garin.

Numfashinta ya ɗauke.

A garinmu, uba ya ɗaga hannun 'yarsa da na namiji a baranda makaɗa na busa a ƙasa, magana ta ƙare, baiko ya tabbata. Haka aka yi wa uwarta, haka aka yi wa kakarta. Ba a taɓa jin wadda ta warware ba.

"Baba! Me kake yi? Ka yi mini alkawari!"

"Daina fizge-fizge, ana kallonmu," Saverio ya raɗa mata, yana wa jama'a murmushi, ɗaya hannunsa na laluben zobe a aljihu. "Tun makon jiya muka gama magana da Don. Makaɗa kawai muka rasa, ke kuma kika samo mana."

Ta ji kamar barandar ta rufta da ita. Ashe shuɗiyar rigar ke nan. Ashe da ƙafarta ta je, da hawayenta ta roƙi Ruggero ya zo ya yi kiɗan baikonta da wani!

Ta leƙa ƙasa. Ruggero ya ɗago kai, hannunsa na sama yana ba da take, idonsa a kan hannayen nan biyu da ke haɗe. Ta ga fuskarsa ta yi fari fat. Ya kalle ta, kallon da ya fi mari ciwo, sannan ya kau da kai ya ci gaba da kaɗa hannu, don ya ce zai kai taken ƙarshe.

Ya ɗauka da ita aka shirya.

"A'a!" Ihun ya fito mata tun daga ciki. "Ruggero, ban sani ba! Na rantse ban sani ba!"

Ƙahoni suka danne muryarta.

Ta fizge hannunta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, zoben Saverio ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kwando. Ya durƙusa yana lalube yana cewa, "Kai, kai, na kakata ne fa!" Ta bangaje shi ta yi cikin gida.

A kan matakala muryar mahaifinta ta cim mata.

"Cosima! Kika taka ƙofar nan, kin fita ke nan. Ba ni ba ke. Uwarki ma kin gama ganinta, ko a makara!"

Ta tsaya cak. Abin da take gudu tun fil azal ke nan, ga shi ya iso. Ta waiwaya. Donna Filomena na tsaye a ƙofar madafa da gyalen girki a ƙugu, fuskarta jiƙe sharkaf.

"Mama..."

Uwar ba ta ce je ki ba, ba ta ce dawo ba.

A waje busa ta shiga zagayen ƙarshe. In aka gama, makaɗa za su juya, shi ke nan ya tafi da abin da ya gani. Cosima ta rintse ido, ta sauka da gudu, ta zare sakata ta faɗa titi, takalmi ɗaya a ƙafa.

Jama'a suka dare mata. Ta je ta tsaya a gefen gangar, gaban Ruggero, tana haki, ta miƙa masa hannunta ya gani babu zobe.

Busa ta hau hawan ƙarshe, ta ɗauke.

Garam!

Ƙofar gidan Don Cataldo ce ta rufe, daidai gurbin dukan gangar, har majiya ƙarfi suka karkata kafaɗa ba su sani ba. Titin ya ɗauke wuta.

Cosima ta ji ƙarar har cikin ƙashinta. Shi ke nan, ta zama marar gida. Ta juya a hankali don ta yi wa ƙofar da aka haife ta a bayanta kallon ƙarshe.

Sai ta ƙame.

Donna Filomena ce tsaye a waje, hannunta ɗaya a kan mariƙin ƙofar da ta janyo da kanta. A ɗaya hannun ta rungume kwalbar ruwa mai ƙura.

"Filomena!" Don Cataldo ya kwatsa daga sama. "Kin haukace? Koma ciki!"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Matar da ba a taɓa jin muryarta a titi ba ta tako da silifas ɗin girki, ta ratsa gaban Fada, ta durƙusa da ƙyar ta aje kwalbar kusa da hular Lamin. Ta shafa fatar gangar kamar mai shafa kan jariri.

Sannan ta miƙe ta fuskanci mutanen da ke jikin bango.

"Na cika su," ta ce, da muryar da har kantin magani an ji. "Ranar nan da asuba na cika muku su duka, na jera a bakin ƙofa. Mijina ne ya ce babu wuri a mota, akwatuna za a loda. Yaron nan Mama yake ce mini. Sauran suna nan a bayan ƙofar madafa, duk mai son gani ya zo in nuna masa."

Wata mata ta ƙwalla ƙara. Fada ya dafe bango. A baranda Saverio ya ja da baya, ya ja da baya, har ya ɓace cikin labule, ya bar Don Cataldo shi kaɗai riƙe da jan bargo, baki buɗe.

Ruggero ya sauke hannunsa da ya manta a sama. Ya kalli uwar, ya kalli 'yar, idanunsa sun kaɗa.

"Cosima..."

"Ban sani ba," ta ce, sai yanzu maganar ta fito. "Ka yarda da ni?"

Ya kama hannun da ta miƙa masa, ya riƙe gam.

Donna Filomena ta goge fuska da gyalenta, ta dubi hannayen nasu. Ta kama su da nata hannun mai ƙurar kwalba, ta ɗaga sama iya tsawonta, a tsakiyar titi, a ƙarƙashin barandar mijinta.

"Oronzo," ta ce, "me kuke jira? Ku busa mana."